Shekarar da Aka Zo Roƙon Tantinmu

Maigidana malamin makaranta ne. A garinmu Madarunfa duk wanda ya gamu da shi a hanya Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ni kuwa Malam nake cewa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya zaman majalisa, ko goro ba ya ci. Farkon aurenmu da na yabe shi gaban ƙawayena, ɗaya daga cikinsu ta ce in dai jira, babu namijin da ba shi da tasa cutar. Na jira shekara shida. Sai wata rana ya shigo gida da wani ƙaton ƙunshi kore ɗaure a bayan babur, ya sauke shi tsakar gida yana murmushi, ya ce tanti ne.

Wani aikin dashen itatuwa ne ya tashi, abokinsa da ke can ya ba shi. Ga ƙarafa masu shiga cikin juna, ga igiyoyi, ga 'yan turaku cikin jaka, ga wari irin na buhun da ya kwana cikin ruwa. Na ce madalla, zai yi mana inuwa ranar suna. Ya ce ba don suna aka yi shi ba. Daga bana, in ji shi, kowace shekara za mu kwashi yara mu je bakin tafki, gefen gonar gidansu, mu kafa shi mu yi kwana uku.

Na tambaye shi wa ya kore mu daga gida. Ya ce babu wanda ya kore mu, shan iska ne.

Iska kam mun sha ta. Matsalar ita ce hutun malamin makaranta da damina yake zuwa, kuma Malam ya yanke cewa daji ba ya kyau sai ya yi kore shar. Saboda haka tafiyarmu kullum cikin watan takwas take faɗawa, tsakiyar marka, lokacin da ko akuya ta san ta raɓe jikin bango. Ƙanin Malam, wanda ya zauna ƙauye yana noma gonar gidan, shi ke kawo amalanken shanu ya ɗauke mu. In loda tukwane, tabarmi, garin tuwo, gawayi, jarkar ruwa, yara uku a bisa kaya, mu ratsa gari kowa yana kallo. Shekarar farko wata tsohuwa ta biyo amalanken har bayan gari, ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri, haka masu gidan haya suke, Allah zai ba mu namu.

Ba zan manta da wannan zuwa na farko ba. Sama fes take sa'ad da muka isa. Malam ya baje tantin, ya haɗa ƙarafa ya kwance, ya sake haɗawa ya kwance, har rana ta karkata. Da ya buga turken ƙarshe ya miƙe yana kaɗe hannu, sai na ji ɗigo a bayan wuyana. Kafin in ce mene ne wannan, an ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A ranar muka gane cewa turke ba ya riƙe yashi in ya jiƙa, kuma wanda ya ɗinka tantin nan bai taɓa ganin hadarin gabas ba.

Haka aka yi ta yi. Wata shekara iska ta ɗauke shi ɗungurungum ta kai shi cikin geron wani, tare da zanena na fita da na rataya a ciki, sai da mai gonar ya kawo mana yana kau da kai. Wata shekara kwaɗi suka riga mu shiga. Akwai shekarar da na tuƙa tuwo yara biyu suna riƙe da tabarma bisa kaina, hayaƙi yana shiga idona, ruwa yana shiga miya, Malam kuma yana tsaye bakin tanti yana nuna wa auta yadda ruwa ke rawa a kan tafki. Ba don rashin shiri ba ne. Yakan saurari masu hasashen yanayi a rediyo, yakan duba sama safe da yamma, ya zaɓi rana da lissafi. Duk ranar da ya zaɓa, ita ce.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, a ƙasarmu ba a kukan ruwa. Mutanen da ke jiran gero ba za ka tsaya gabansu ka ce ruwa ya dame ka ba. Ina tsugune jagab, haƙorana suna haɗuwa, sai manomi ya biyo da hauyarsa a kafaɗa, fuska cike da fara'a, ya ce, "Matar Mushe, ina ruwa?" Dole in buɗe baki in ce, "Ruwa ya yi gyara." Shekara bakwai ina faɗin haka, ni kuwa ban ga abin da ya gyara mini ba.

Ƙanin Malam shi ya fara lura. Tsakanina da shi akwai wasa, kamar yadda yake tsakanin mace da ƙanin mijinta, kuma bakinsa ba ya da linzami. Shi ya yaɗa a ƙauye cewa ba sai an sayi rediyo ba, a duba kawai in an ga amalanken Mushe ya fito a kwashe shanya. Mutane suka yi ta dariya. Daga baya dariyar ta ragu, suka koma tambayarsa a hankali, yaushe ne yayan naka zai fito.

A shekara ta bakwai auta ta dawo da tari wanda ya kai mu asibiti, bargon da mahaifiyata ta ba ni kuma ya yi funfuna har na jefar. Nan haƙurina ya ƙare. Na jira ranar da ƙaninsa ya zo, don in sami shaida, na ajiye musu abinci na zauna.

Na ce, "Malam, baɗi za ni, ba ni ƙi ba. Amma in ɗigo guda ya taɓa tantin ga, an gama. In yanka shi in ruhe madahwata da shi, dama tana yoyo. Ka yarda?"

Ya dubi kwanon gabansa. Sa'an nan ya ce, "Na yarda."

Ƙaninsa ya ce ya shaida, ya ci gaba da cin tuwonsa. Na san magana ta zauna, don Malam yana da cuta ta biyu wadda ban ambata ba: in ya ce na yarda, ko wuƙa aka sa masa ba ya komawa baya. Washegari na auna rufin madafa da igiya. Tantin zai rufe shi har ya yi saura.

Kada a ɗauka ban san abin da tafiyar nan take gare shi ba. Na sani sarai. Yana yaro, mahaifinsu kan kwashe su da damina su tare a bukkar gona har a gama noma, a ci daga tukunya ɗaya, a kwana jiki da jiki. Cikin 'yan'uwansa shi kaɗai aka sa makaranta, tun daga nan ya zama baƙo a gonar ubansa, in ya ɗauki hauya sai a karɓe a ce Mushe ya huta. A cikin tantin nan ne kaɗai nake ganin wani mutum dabam. Yakan yi dariya har da ƙyaƙyatawa, ya yi wa yara tatsuniya da muryoyi, ya koya musu sunan kowane itace da kowace ciyawa. Kwana uku ne a shekara. Duk na san wannan, amma sani ba ya busar da zane.

Damina ta takwas ta fara da kyau. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya tashi har ya fara ciki. Sai ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya, mako biyu, har aka shiga na huɗu. Ganye ya nannaɗe, ƙasa ta yi fari, masu dawowa daga wajen garin Gabi suna cewa can ma haka ne. An fita roƙon ruwa sau biyu a filin idi. Wani tsoho maƙwabcin gonarmu, mai bin al'adar kakanni, shi ma ya yi nasa a gindin tsamiya. Sama ta yi shiru.

Ni fa na zaci Malam zai yi wuf ya ce a ɗaura amalanke, ga sama fes, ya yi kwana ukunsa a bushe ya cinye ni. Bai yi ba. Ko kallon inda tantin yake bai yi ba. Daga baya na gane kunya yake ji, a ce gero yana mutuwa shi kuma ya fita yana fatan kada a yi ruwa.

Wata ranar Laraba da hantsi aka yi sallama. Baffansu ne, ƙanin mahaifinsu, tsoho mai sanda, tare da ƙanin Malam. Baffa bai cika zuwa gari ba sai da dalili. Na shimfiɗa tabarma, na kawo fura, na koma bakin madafa inda zan ji komai. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka yi jajen fari. Sa'an nan tsohon ya gyara zama.

Ya ce, "Ɗana, mun ga bana ba ku hito ba."

Malam ya ce ai lokacin ne bai yi daɗi ba.

"To shi ya kawo mu. Mutane sun aiko ni. Sun ce ka taimaka ka kafa abin nan naka."

Malam ya ajiye ludayi. Ya yi musu bayani irin na aji, yadda rana ke ɗaukar ruwa daga teku, yadda iska ke turo gajimare, yadda babu ruwan gajimare da wani ƙyalle da aka kafa a bakin tafki. Ya ƙara da cewa ruwa na Allah ne, kuma danganta shi ga tanti camfi ne. Baffa ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Gaskiya ta, ɗana. Allah ka ba da ruwa, ba mu musa ba, shi munka roƙa kuma shi muka roƙo. Amma shekara bakwai muna gani da idonmu. Kai dai ka kafa. In ba a samu ba, mi anka rasa?"

Ƙanin Malam ya san abin da za a rasa in an samu, shi ne shaida. Ya waiwayo ya dube ni, ya danne dariya. Bayan sun fita Malam ya zo ya tsaya bakin madafa, ya tambaye ni ko sharaɗin yana nan. Na ce yana nan daram. Ina jin nauyin wannan amsa har yau, amma haka na faɗa, kuma ko ɗaga kai ban yi ba daga wankin tukunya.

Ban taɓa ganin tafiya irin ta wannan shekara ba. Mu da ake kallo kamar waɗanda aka kora, sai ga mutane sun tarbe mu tun daga bakin ƙauye. Samari suka kafa tantin kafin Malam ya gama nuna musu yadda ake yi. Mata suka kawo fura da nono, da ƙwan zabi, wata ta kawo zakara. Tunda aka kawo ni gidan nan ban ga irin wannan karramawa ba, ko ranar da na haifi ɗan fari. Sa'an nan suka koma ƙarƙashin wani gawo suka zauna, suna kallonmu, suna kallon sama.

Ranar farko babu ko gajimare. Rana ta biyu hadari ya haɗu da yamma, ya yi baƙi, aka fara murna, sai iska ta zo ta watsa shi. Daga nan shawarwari suka fara. Wani ya ce ba nan ne ainihin wurin ba, bara ya fi kusa da kanya. Aka tumɓuke aka matsa. Wani ya ce ƙofar gabas take kallo sauran shekaru. Aka juya. Wata tsohuwa ta ce in shanya garin tuwo a waje, ruwa yana son gari. Ƙanin Malam kuwa ya zo ya tsuguna gabana da fuskar tausayi.

Ya ce, "Matarmu, na gano abin da ya rage. Sauran shekaru tun daga amalanke kike hwaɗa, har shanu su san kin hau. Bana kin yi shiru. Don Allah ki taimaki talakawa ki ɗan yi masifa."

Na ɗauki muciya, ya gudu, mutanen gindin gawo suka ce yawwa, an fara.

Malam bai sa baki a duk wannan ba. Yana zaune bakin tanti da littafi a hannu wanda ba ya karantawa. A lissafi shi ke cin nasara, saura yini guda ya gama kwana ukunsa a bushe, tantin ya tsira. Amma ban taɓa ganin mai nasara da irin wannan fuska ba. Bai yi wa yara tatsuniya ba ko sau ɗaya.

Rana ta uku da safe ya shiga gonar gidansu shi kaɗai. Ina hango shi yana tafiya tsakanin kunyoyi, yana tsayawa, yana murza ganye a hannu. Ya daɗe. Da ya dawo ya yi sallar azahar a bayan tanti, ni kuma ina ciki ina ninke kaya, ƙyalle ne kawai tsakaninmu. Na ji shi yana addu'a da Hausa, a hankali, yana roƙon ruwa, yana maimaitawa. Da ya shafa ya zagayo, ya kwaso tabarmi da barguna ya baza su a fili, har da rigarsa ta zuwa aiki. Mutumin da ya ce camfi ne. Sa'an nan ya dube ni.

Ya ce, "Ɗora tuwo waje, yadda kinka saba."

Na ɗora.

Ba zan ce tanti ne ya kawo ruwa ba, Allah ya kiyaye. Liman ya ce roƙon da aka yi ne, tsohon gindin tsamiya ya ce nasa ne, ƙanin Malam har gobe yana cewa muciyata ce. Abin da na sani shi ne, gab da la'asar, tuwo yana kan wuta, gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ɗigon farko ya faɗi a kan tantin da ƙarfi, na ji shi, Malam ma ya ji shi, muka dubi juna.

Bayan haka babu wanda ya sake bi ta kan wani. Turaku suka fara tsalle ɗaya bayan ɗaya. Yara suka kwanta a gefen tantin don danne shi, suna ihu suna dariya. Malam ya rungume ƙarfen tsakiya, iska tana jan shi tana dawo da shi. Tuwona ya koma kunu, barguna suna iyo. Can cikin gona na hango ƙaninsa ya cire riga yana rawa, Baffa kuma yana tsaye da sandarsa a fili, ya ƙi shiga ko'ina, ya ɗaga fuska sama. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to mun daku. An fi awa biyu ana yi, har kunyoyin gona suka cika suka batse.

Da aka ɗauke, rana ta leƙo ta yamma, kwaɗi suka ɓarke da kuka. Mutane suka zo suna yi wa Malam godiya, yana cewa su gode wa Allah. Da suka watse sai ya durƙusa ya kwance igiyoyin da suka rage, ya tsince turaku daga cikin laka ya wanke su, ya ninke tantin a jiƙe yadda yake ninke shi kullum, gefe kan gefe. Ya ɗauko shi ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Alkawari kaya na. Ga shi."

Shekara guda ina jiran wannan magana. Na sha shirya amsar da zan ba shi, har da karin magana. Ga shi ta zo, ban ji daɗin komai ba. Kunya na ji, da tausayi, da son mutumin nan da ke tsaye gabana ruwa yana ɗiga daga gemunsa, wanda aka ba shi zaɓi tsakanin kwana ukunsa da geron mutane bai ko yi ciniki ba.

Na ce, "Wanga ruwa ba namu ba na."

Ya ce, "Kamar yaya?"

"Ni kan tahiyarmu na sa sharaɗi. Wagga kuwa gayya ta, Baffa ya aiko anka ɗauko mu. Ruwan gayya bai shiga lissahi."

Ƙaninsa, wanda ke ɗaura shanu yana kasa kunne, ya ce shi ne shaida, kuma shi ma haka ya fahimta tun farko. Ƙarya yake yi, amma Allah ya saka masa.

Malam bai yi dariya ba. Ya matso kusa yadda ƙanin ba zai ji ba.

Ya ce, "Da bakina na roƙe shi."

Na ce, "Na ji ka. Ina ciki."

"To?"

"To ɗauki kayanka tun ban sake shawara ba."

Ya sunkuya ya ɗauki tantin, maimakon ya sa a amalanke sai ya aza shi a ka, ruwan laka yana bin wuyansa yana shiga riga, ya kama hanya. Na ɗauki tukunyata na bi shi, na bar 'yar tazara tsakaninmu don kada ya waiwayo ya ga fuskata.